Babi na Shida: Jaipur, Gidan Sarautar da ya Sauko Daga Dutse

Yawancin baƙin da ke zuwa Jaipur daga tsakiyar gari suke farawa. Su tsaya gaban Hawa Mahal su ɗauki hoto, su leƙa fada, in da sauran lokaci su hau mota zuwa Amber. Wanda ke son ya fahimci birnin kuwa, gara ya bi shi yadda tarihi ya jera shi, ya fara daga kan duwatsu ya gangaro fili. Da haka ne zai ga cewa kowane gini a nan amsa ce ga wata damuwa da ta hana wani sarki barci: tsoron mahara, ƙishirwa, zafin bazara, neman kasuwa, ko kuma zaman lafiya da wanda ya fi shi ƙarfi.

Jaipur ita ce hedikwatar jihar Rajasthan a arewa maso yammacin Indiya, tafiyar 'yan sa'o'i a mota daga Delhi. Ƙasa ce mai ƙarancin ruwa, a gefen hamadar Thar, duwatsun Aravalli sun ratsa ta. Damina gajeriya ce, yawancin ruwan shekara tsakanin Yuli da Satumba yake sauka, a watannin Mayu da Yuni kuwa zafi kan haura digiri 40. Masu sarautar wannan yanki a da su ne Kachhwaha, ɗaya daga cikin gidajen Rajput, mayaƙan nan masu manyan rawuna da murɗaɗɗen gashin baki da masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka daɗe da sani.

Amber da cinikin da ya gina ta

Amber, wadda wasu ke rubutawa Amer, tana da nisan kilomita 11 daga Jaipur. Nan ne tsohon gadon sarautar. Garin yana kwance cikin kwazazzabo, ganuwa ta bi ƙashin bayan duwatsun da suka kewaye shi tana hawa tana sauka, fadar kuma ta miƙe a kan tudu tana kallon tafkin Maota. Raja Man Singh na Ɗaya ne ya fara ginin da ake gani yanzu a 1592, magadansa suka yi ta ƙari a kai, musamman Mirza Raja Jai Singh a ƙarni na 17.

Ina ƙaramar masarauta a cikin duwatsu ta samo dukiyar yin irin wannan gini? Amsar tana cikin abin da ya faru a 1562. A wannan shekara Raja Bharmal na Amber, wanda rigingimun gado da maƙwabta suka sa a gaba, ya aurar da 'yarsa ga Sarki Akbar na daular Mugal. Ita ce ta haifi Jahangir, magajin Akbar. Wannan aure ne aka gina fim ɗin Jodhaa Akbar na 2008 a kansa, ko da yake masana tarihi suna da ja a kan sunan da aka laƙaba mata. Daga nan 'ya'yan gidan Amber suka zama manyan hafsoshi da gwamnonin Mugal. Man Singh ya jagoranci rundunar Akbar a yaƙin Haldighati a 1576, ya riƙe Kabul, ya riƙe Bihar da Bengal. Albashi da ganima da harajin waɗannan ƙasashe masu nisa su ne suka zama duwatsun Amber.

Ba kowa ne ya yaba wannan zaɓi ba. Gidan Mewar ya ƙi miƙa wuya, Akbar ya ci kagararsu ta Chittor a 1568 bayan zubar da jini mai yawa, kuma Maharana Pratap na Mewar ne Man Singh ya kara da shi a Haldighati. Har gobe a Rajasthan sunan Pratap ake kira in ana maganar jarumtaka. Sai dai mai adalci zai lura cewa Chittor yau yawancinta kango ce, Amber kuwa tana tsaye da rufinta, kuma talakawanta ba su sha irin wannan kisa ba. Sarakunan Amber sun riƙe addininsu da sarautarsu, sun biya da hidima da biyayya. Ko an so su ko an ƙi su, sun san abin da suka saya da abin da suka bayar.

Ginin kansa yana ba da wannan labari. Ana shiga ta Suraj Pol, ƙofar da ke fuskantar gabas, a faɗa Jaleb Chowk, babban filin da mayaƙa ke taruwa. Sama da shi akwai Diwan-i-Aam, zauren sauraron talakawa, tsarinsa irin na fadojin Mugal, amma kan ginshiƙansa an sassaƙa kawunan giwaye, abin da maginin Hindu ya saba. Kusa da nan akwai ɗakin bautar Shila Devi, wadda Man Singh ya kawo gunkinta daga Bengal. A ƙasa cikin gari kuma ga masallacin Akbari da aka gina a 1569. Sai Ganesh Pol, ƙofa mai zanen furanni tun daga ƙasa har sama, wadda ta raba wajen jama'a da cikin gida.

Bayan wannan ƙofa ne Sheesh Mahal yake, ɗakin madubai. An lulluɓe bango da rufi da dubban ƙananan madubai, wasu ba su wuce farcen babban yatsa ba, kowanne ya ɗan yi doro, an dasa su cikin farar ƙasa an fitar da siffar ganye da fure da kwalabar turare. Da yake kowane madubi ya ɗan karkata daban da na kusa da shi, fitila guda ta isa ta cika ɗakin da haske. Masu jagora sukan haska tocilan waya sama, sai ka ga rufin ya kama walƙiya daga wannan kusurwa zuwa waccan. Daura da shi, a ƙetaren lambu, akwai Sukh Niwas, ɗakin hutun bazara. An jawo ruwa ta wata siririyar magudana yana gangarowa kan sassaƙaƙƙen dutse ya ratsa tsakiyar ɗakin, iska ta bi ta kansa ta yi sanyi, ragowar ruwan kuma ya wuce ya shayar da lambu. Ko ɗigo ba a bari ya tafi a banza.

Can ciki kuma sashen mata ne, sassa goma sha biyu kewaye da tsakar gida guda, da rumfar dutse a tsakiya. An tsara hanyoyin yadda sarki zai iya shiga kowane sashe ba tare da sauran sun gani ba. Wuri ne mai kyau, amma tagoginsa ƙanana ne, katangarsa doguwa.

Igwa da rijiyoyi a kan tsauni

In ka ɗaga kai daga Amber za ka hangi wata kagara a kan tsaunin da ya yi mata rumfa. Wannan ita ce Jaigarh, kuma akwai hanyar ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa su, domin in yaƙi ya ci fada iyalan sarki su tsere sama. Sawai Jai Singh na Biyu ne ya faɗaɗa ta a 1726, kuma yana da dalili. Ya hau gado yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Da Sarki Aurangzeb ya rasu a 1707 'ya'yansa suka yi yaƙin gado, Jai Singh ya goyi bayan wanda ya sha kashi. Wanda ya yi nasara, Bahadur Shah, ya ƙwace Amber daga hannunsa, sai da ya yi da gaske ya dawo da ita. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A Jaigarh akwai maƙerar igwa, kuma a nan aka zuba Jaivana a 1720. Bututunta ya haura mita 6, nauyinsa kusan tan 50, tana cikin manyan igwogi masu ƙafa da aka taɓa ƙerawa a duniya. Ba a taɓa harba ta a fagen fama ba. Baƙi suna cincirindo a kanta, amma abin da ya fi ta muhimmanci yana ƙarƙashin ƙafafunsu. An gina magudanai masu tsawon kilomitoci a jikin duwatsu, suna tattaro ruwan damina suna zubawa cikin manyan tankunan dutse, babbansu an yi masa rufi don kada rana ta shanye shi. Kagarar da ba ta da ruwa ba ta buƙatar a harbe ta, zama kawai za a yi a jira. Waɗannan tankuna ne ma suka jawo jita-jitar cewa dukiyar Man Singh tana ɓoye a ciki, har gwamnatin Indira Gandhi ta sa aka yi ta haƙa a 1976, lokacin dokar ta-ɓaci, ta kuma sanar cewa ba a samu taskar da ake zato ba.

Kagara ta uku ita ce Nahargarh, wadda aka gina a 1734 a bakin tsaunin da ke leƙen sabon birnin. Daga baya Sarki Madho Singh na Biyu ya gina wa matansa sassa iri ɗaya a ciki, kowace da ɗakin kwana da madafa. Daga kan katangarta ne ake ganin Jaipur baki ɗaya, a ga tituna sun miƙe sambal sun gitta juna kamar an ja su da igiya.

Saukowa fili

Da igiyar kuwa aka ja su. Amber ta cika, ruwanta ya kasa, kwazazzabo kuma ba ya faɗaɗa. Daular Mugal ta fara rauni, hanyoyin fatauci sun cika da 'yan fashi, attajirai suna neman inda za su ajiye dukiyarsu su yi barci. Jai Singh ya karanta wannan yanayi daidai. A watan Nuwamban 1727 ya aza harsashin sabon birni a fili, tare da wani ma'aikacin fadarsa ɗan asalin Bengal, Vidyadhar Bhattacharya, wanda ake jingina wa tsarin garin. Aka raba ƙasar gida tara, aka ware tsakiya don fada, aka kewaye da ganuwa mai ƙofofi bakwai. Manyan tituna faɗinsu ya haura mita 30, a inda suka haɗu kuma aka bar manyan dandali, irin su Badi Chaupar da Chhoti Chaupar. Shagunan bakin titi kansu gwamnati ce ta tsara girmansu da fasalinsu.

Sarki ya aika wa 'yan kasuwa da masu sana'a na garuruwa daban-daban goron gayyata, ya ba su filaye da sassaucin haraji. Aka zaunar da kowace sana'a a layinta: masu duwatsu masu daraja a Johari Bazaar, maƙeran tagulla a nasu layin, masu awarwaro a nasu, masassaƙan dutse a nasu. Duk wanda ya san yadda kasuwar Kurmi ta Kano ta kasu layi-layi bisa sana'a zai gane tsarin nan take. Sarkin da kakanninsa suka dogara da takobi da tsauni, sai ga shi ya dogara da titi da shago. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Sarki mai auna sama

Jai Singh yana da wata ƙauna da ba ta da alaƙa da yaƙi ko haraji, wato ilmin falaki. Ya lura cewa jadawalin taurarin da malaman zamaninsa ke aiki da shi ba ya dacewa da abin da ido ke gani a sama. Ya tara malaman Hindu da na Musulmi, ya nazarci aikin Ulugh Beg na Samarkand, malamin Jai Singh, Jagannatha, ya fassara littafin falaki na Batlamus daga Larabci zuwa Sanskrit, har tawaga ya aika Fotugal ta dawo masa da jadawalin Turawa. Ya yanke cewa ƙananan na'urorin tagulla suna lanƙwasa suna lalacewa, don haka sai a gina su da dutse, a yi su manya. Ya gina wuraren duba taurari biyar, a Delhi, Jaipur, Ujjain, Varanasi da Mathura. Sakamakon aikin ya fito cikin wani kundi da Farisanci, Zij-i Muhammad Shahi, da sunan Sarkin Mugal na lokacin.

Na Jaipur, wanda ake kira Jantar Mantar, an kammala shi a 1734, yana da na'urori 19. Babbar cikinsu ita ce Samrat Yantra, agogon rana mai tsayin mita 27. Bango ne mai kusurwa uku da matakala a bayansa, an karkata shi digiri 27 daidai da matsayin Jaipur a doron ƙasa, kansa yana nuna tauraron arewa. A kowane gefe akwai lanƙwasasshen faifai na farin dutse da aka tsattsaga da layukan sa'a da minti da daƙiƙa. Ka tsaya ka zuba wa bakin inuwar ido, za ka gan ta tana rarrafe, kimanin milimita guda kowace daƙiƙa, faɗin tafin hannu cikin minti ɗaya da 'yan kai. Tana iya ba da lokaci da kuskuren da bai wuce daƙiƙa biyu ba. Lokacin Jaipur ne take bayarwa, don haka akwai allo a gefe da ake rubuta mintunan da za a ƙara a samu agogon ƙasa. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2010.

Fada da tagogi 953

Fadar birni tana maƙwabtaka da Jantar Mantar. An fara ta a 1729, kuma har yau zuriyar sarakunan suna zaune a Chandra Mahal, benen nan mai hawa bakwai, sauran sassan kuma an mai da su gidan tarihi. Akwai tsakar gida mai ƙofofi huɗu, kowace an ƙawata ta da sunan wani yanayi na shekara, wadda aka fi so ita ce mai ɗawisu. A zauren Diwan-i-Khas kuma akwai randunan azurfa biyu, kowace tsayinta mita 1.6, nauyinta kusan kilo 345, tana cin ruwa kimanin lita 4,000. Madho Singh na Biyu ne ya tafi da irinsu Ingila a 1902, cike da ruwan kogin Ganges, da aka gayyace shi naɗin Sarki Edward na Bakwai. A aƙidarsa ƙetare teku da shan ruwan baƙuwar ƙasa suna ɓata tsarki, ƙin zuwa kuma zai ɓata shi da Turawan da masarautar ta shiga ƙarƙashinsu tun yarjejeniyar 1818. Sai ya yi hayar jirgin ruwa sukutum, ya ɗauki ruwansa da masu dafa masa abinci. Dabarar Bharmal ce a sabuwar riga: a je wa mai ƙarfi, amma a tafi da abin da ba za a iya rabuwa da shi ba.

Launin garin ma daga irin wannan lissafi ya fito. A 1876 Sarki Ram Singh na Biyu ya sa aka shafe gine-ginen manyan tituna da launi guda don tarbar Yariman Wales. Ana kiransa ruwan hoda, amma a ido ya fi kusa da jar ƙasa. Har yanzu doka ta wajabta shi a tsohon gari. Yariman ne kuma ya aza harsashin Albert Hall, gidan tarihin da aka buɗe a 1887.

Hawa Mahal, wadda hotonta ya zama tambarin Jaipur, Sawai Pratap Singh ne ya gina ta a 1799, magininta Lal Chand Ustad. Hawa biyar ce, da ƙananan tagogi 953 masu raga ta dutse. Daga titi sai ka zaci katafaren gida ne, amma hawa uku na sama kaurinsu bai wuce ɗaki guda ba, kuma ta baya ake shiga. An yi ta ne don matan fada da ke cikin kulle su kalli kasuwa da jerin gwanon bukukuwa irin su Teej da Gangaur ba tare da an gan su ba. Iskar da ke kutsawa ta ƙananan ramukan tana sanyaya wurin. Ya kamata mai ziyara ya hau ya durƙusa ya leƙa ta ɗaya daga cikinsu, ya ga iyakar duniyar da aka yanka wa waɗannan mata. Daga wannan gidan sarauta ne kuma daga baya Maharani Gayatri Devi, matar Sarki Man Singh na Biyu, ta buɗe makarantar 'yan mata a 1943, ta kuma tsaya zaɓen majalisar ƙasa a 1962 ta ci da gagarumin rinjaye.

Bayan sarauta

Indiya ta samu 'yancin kai a 1947, Jaipur ta shiga sabuwar jihar Rajasthan a 1949, a 1971 kuma gwamnati ta soke albashin sarakuna da gatancinsu. Gidan Jaipur bai jira wannan rana ba. Tun 1957 aka mai da fadar Rambagh otal, aka buɗe sassan fada ga masu sayen tikiti. UNESCO ta sa Amber cikin jerinta a 2013 tare da wasu kagarun Rajasthan, ta ƙara da tsohon birnin gaba ɗaya a 2019.

Wannan kasuwa tana da nata illoli, kuma bai kamata a rufe ido a kansu ba. Giwayen da ke hawa da baƙi zuwa Amber a kan dutse mai zafi sun daɗe suna jawo ƙorafin masu kare dabbobi, alhali hawan da ƙafa ko da mota ba shi da wuya. Tafkin Man Sagar, inda fadar Jal Mahal ke zaune tsakiyar ruwa, ya yi shekaru yana karɓar ƙazantar gari kafin a fara yashe shi. Titunan da aka auna don giwa da amalanke yanzu motoci da babura sun shaƙe su, wasu masu tsofaffin gidaje kuma suna rushewa suna aza siminti.

Abin da ya fi cancantar a tsare shi ne wanda ba a sayen tikiti don ganinsa. A bayan Johari Bazaar har yau ana yanka zumurrudun da aka haƙo a Zambiya ana goge shi. A layin Maniharon iyalai, yawancinsu Musulmi, suna narka ƙaro a kan garwashi suna murza awarwaron da amaren Hindu ke sawa. A layin Thatheron ƙarar guduma kan tagulla ba ta yankewa tun safe. Da yawansu jikokin waɗanda suka amsa gayyatar Jai Singh ne. Gwamnati za ta iya gyara tsagewar bango, ta sake shafa launi, amma in tsadar haya da kayan kamfani suka kori waɗannan masu sana'a daga layukansu, babu kwangilar da za ta dawo da su. Don haka mai ziyara, in ya gama da fadoji, ya ware yini guda ya shiga lungu, ya zauna a bakin shago, ya sayi abu daga hannun wanda ya yi shi.